Sassaƙa Ƙananan Samfuran Jiragen Ruwa na Tarihi da Gurbinsa a Nazarin Al'adun Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin aikin sassaƙa ƙananan samfuran jiragen ruwa na katako, wanda ake yi domin sha'awa a sassa da dama na duniya. An kawo tarihinsa a taƙaice da matakan yinsa, sannan aka dubi jiragen da suka shafi tarihin Hausawa da maƙwabtansu. Maƙalar ta ɗauki yankin Makoɗa na Jihar Kano a matsayin misali, domin nuna cewa aikin zai iya zama hanyar adana fasahar sassaƙa da kalmominta.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, amma kalmar "jirgi" tsohuwa ce a bakin Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa akwai jirgin fito da masu fito da kuɗin fito, kuma daga wannan jirgi na katako ne aka faɗaɗa ma'anar kalmar ta game jirgin ƙasa da jirgin sama. Abin da ake nufi da samfuri a nan shi ne ƙaramin jirgi da aka sassaƙa bisa awo, ta yadda kowane sashe nasa zai yi daidai da na babban jirgin da aka kwaikwaya. Awon nan ne ya raba shi da abin wasan yara. Mai yinsa yakan shafe watanni, wani lokaci shekaru, a kan jirgi guda, ba don sayarwa ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Daga cikin tsofaffin samfuran da suka rage akwai waɗanda aka samu a shekarar 1920 a kabarin Meketre, wani babban bafade na tsohuwar Masar da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Samfuran suna ɗauke da matuƙa da igiyoyi da rumfuna, kuma daga gare su ne masana suka ƙara fahimtar yadda ake tuƙa jiragen kogin Nilu a wancan zamani. A yau an raba su tsakanin gidajen tarihi na Alƙahira da New York.

A Ingila, tun daga ƙarni na 17 an riƙa sassaƙa samfuran jiragen yaƙi na rundunar ruwa, galibi bisa awon 1:48, wato rubu'in inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Yawancin jiragen da aka kwaikwaya sun nutse ko sun ruɓe, samfuransu kuwa suna nan, kuma da yawansu na ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. Masu sha'awar wannan aiki a yau sun fi karkata ga shahararrun jirage masu tafiya da iska, kamar Victory da ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, da Cutty Sark mai dakon ganyen shayi da aka ƙera a 1869, da Vasa na ƙasar Sweden wanda ya nutse a 1628 aka kuma tsamo shi a 1961.

3.0 Matakan Aikin

Matakin farko shi ne bincike. Mai sassaƙa yakan nemi zanen jirgin da tsayinsa da faɗinsa da zurfinsa, sannan ya zaɓi awon da zai bi. Idan ya zaɓi 1:50, to kowace mita ɗaya za ta koma santimita biyu, kuma wannan doka za ta hau kan komai, daga gangar jirgi har kaurin igiya.

Gangar jirgi ana yin ta ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗauki guntun itace guda a sassaƙe shi, a rarake cikinsa, kamar yadda ake yi wa akushi. Ta biyu ita ce a bi tsarin maƙera manyan jirage: a kafa doguwar sanda a ƙasa wadda take zaman ƙashin baya, a jera mata haƙarƙari, sannan a lulluɓe da siraran katakai ɗaya bayan ɗaya. Ana jiƙa katakan a ruwan zafi domin su tanƙwaru ba tare da sun karye ba, a manna su da gam, a bar su su bushe, a goge su har su yi sumul. Ana fifita itace mai lallausan jiki wanda zanensa bai fito ɓaro-ɓaro ba, domin manyan zane a ƙaramin jirgi sukan ɓata awo.

Daga nan sai a kafa turakun da ke riƙe yadin kama iska, a ɗaura igiyoyi da zare iri-iri. Wannan mataki ya fi kowanne cin lokaci, domin kowace igiya a babban jirgi tana da aikinta, kuma wanda bai san aikin ba zai ɗaure ta inda ba muhallinta ba. Saboda haka samfuri mai kyau shaida ce cewa mai shi ya fahimci yadda jirgin yake aiki.

4.0 Jiragen da Suka Shafi Tarihinmu

Jirgi na farko da ya cancanci kulawa shi ne kwale-kwalen Dufuna. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, daura da kogin Komadugu Gana. A 1994 masana daga Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin Peter Breunig da Abubakar Garba, suka tona wurin. An same shi a zurfin kimanin mita 5, tsayinsa mita 8.4, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurinsa kuma wajen santimita 5. An sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci, kuma awon kimiyya ya nuna ya kai shekara 8,000, wanda ya sa ya zama jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka. A awon 1:20 samfurinsa zai zama santimita 42 a tsayi, santimita 2.5 a faɗi, kaurinsa kuwa milimita biyu da rabi kacal. Duk wanda ya gwada rarake itace zuwa wannan sirantaka zai gane gwanintar mutanen da suka yi na asalin.

Na biyu shi ne sambuƙ, jirgin katako mai yadin iska mai kusurwa uku, wanda ya daɗe yana zirga-zirga a Bahar Maliya. Kafin jiragen sama su karɓe jigilar alhazai, Hausawa sukan yi tattaki ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, inda da yawansu suka ƙetare zuwa Jidda a irin wannan jirgi. Tarihin hajjin ƙafa da na Hausawan Sudan ba zai cika ba sai da wannan ƙetarawa. Na uku su ne jiragen Sarkawa na Yawuri da na Kabawan Argungu, waɗanda jiragen katakon zarto masu inji suke maye gurbinsu sannu a hankali.

5.0 Makoɗa a Matsayin Misali

Makoɗa, mai hedikwata a Koguna, yanki ne na noma a arewacin Kano, inda gonaki suke haɗe da juna. Duk da nisansa da manyan koguna, yana da abubuwa uku da wannan aiki yake bukata. Na ɗaya shi ne wasan kara. Bayan kaka, yara sukan feƙe ɓawon karan dawa su soka shi a lallausan cikinsa, su haɗa mota ko jirgin sama ko tabarau. Yaron da ya san cewa taya dole ta dace da girman mota ya riga ya ɗanɗani ilimin awo. Na biyu su ne masassaƙa masu yin turmi da taɓarya da ƙota da allo, da gizago da gatari da wuƙa, waɗanda suka san halin ƙirya da maɗaci da kanya. Na uku shi ne madatsar ruwa ta Tomas da ke yankin Dambatta da Makoɗa, inda masunta suke aiki da kwale-kwale.

Sai dai waɗannan abubuwa suna ja da baya. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a ƙasar da noma ya cinye daji, robobi sun kori akushi daga gidaje, kayan wasa na kanti da wayar hannu kuma suna janye yara daga kara. Idan sana'a ta mutu, sunayen kayan aikinta da na matakanta sukan bi ta. Samfuri yana da sauƙi ta wannan fuska, domin reshe guda ya isa, ba sai an kayar da bishiya ba.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa samfurin jirgi taska ce ta awo da fasaha da harshe. Maƙalar tana ba da shawarar sassan nazarin Hausa su haɗa ɗalibai da masassaƙa da masunta, a auna jiragen da suka rage, a rubuta sunan kowane sashe daga bakin masu su, a kuma sassaƙa samfuransu bisa awo domin ajiya a gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano. Aikin ya dace a fara shi tun dattawan da suka iya riƙon gizago suna raye, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.