Raba Layi a Kwamfuta da Gaɓar Kalmar Hausa

1.0 Gabatarwa

Faɗin takarda yana da iyaka, zance kuwa ba shi da ita, don haka tilas a yanke rubutu a wani wuri. A da magatakarda ne ke zaɓen wurin yankan, yanzu kuwa kwamfuta ce. Wannan maƙala za ta duba yadda na'urar ke yin wannan zaɓe a harsunan sarrafa kwamfuta, sa'an nan ta nuna abin da ake bukata kafin ta iya yi wa Hausa haka.

2.0 Raba Jerin Cikin Baka

A harsunan sarrafa kwamfuta, irin su Python, akan rubuta sunan umarni, a biyo shi da baka biyu, a jera abubuwan da zai yi aiki da su a ciki, waƙafi na raba su:

(1) rubuta(suna, gari, shekara)

Idan jerin ya fi layi tsawo sai an raba shi. A 1980 Derek Oppen ya bayyana hanyoyi biyu na yin haka: ko dai a cika kowane layi sannan a gangara, ko kuma da zarar an yanke a waƙafi ɗaya a yanke a dukansu. Manhajar Black, wadda ta fito a 2018, tana fara gwada jerin a layi mai harafi 88. In bai shiga ba ta sauko da abin da ke cikin baka zuwa sabon layi. In har yanzu ya yi tsawo, sai ta ba kowane abu layinsa:

(2) rubuta(
        suna,
        gari,
        shekara,
    )

Abin lura shi ne manhajar ba ta taɓa yanke suna biyu. Ƙidayar haruffa tana gaya mata lokacin yanka, nahawun harshen kuma yana gaya mata wurin yanka.

3.0 Matsalar Hausa

A zube, wurin yanka a cikin kalma shi ne kan iyakar gaɓa, inda ake sa karan ɗori. A 1983 Franklin Liang na Jami'ar Stanford ya tsara wa Ingilishi samfura 4,447 na raba kalma domin manhajar TeX, kuma LibreOffice tana bin wannan dabara. Sai dai kowane harshe da nasa samfuran.

A ɗauki misalin malamin firamare a Matameye, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, yana buga darasin karatun Hausa a kwamfutar da aka daidaita bisa Faransanci. A ƙa'idar Faransanci, baƙi biyu da ke tsakanin wasula akan raba su, amma ba a raba irin su br da fr. Idan aka ɗora wannan ƙa'ida a kan Hausa ga abin da zai fito, na hagu kuskure, na dama daidai:

(3) *Kat-si-na : Ka-tsi-na
     *bak-wai : ba-kwai
     *I-bra-him : Ib-ra-him

Sunan garin, Ma-ta-me-ye, zai tsira, domin kowace gaɓarsa baƙi ce da wasali. Sauran kuwa sun lalace. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram ake koyar da karatu da Hausa a Nijar, yaro kuma da gaɓa yake haɗa kalma. In ya ga t a ƙarshen layi, s a farkon na gaba, sauti biyu zai furta a inda Hausa ke da ɗaya.

4.0 Ƙa'idojin da Na'ura ke Bukata

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW kamar ci, BWW kamar kai, da BWB kamar nan. Kowace gaɓa da baƙi ɗaya take farawa. Saboda haka ƙa'idoji kaɗan sun wadatar:

(a) A yanke kafin baƙin da wasali ke bi: gas-ki-ya, han-ya.

(b) A ɗauki sh, ts, fy, ky, gy, ƙy, kw, gw da ƙw a matsayin baƙi guda. Haka ma 'y, wanda ake rubutawa ƴ a Nijar.

(c) Idan irin wannan baƙi ya ninku, harafin farko yana rufe gaɓar baya: tsat-tsau-ra, ƙwaƙ-ƙwa-ra.

(d) Kada a raba ai da au.

(e) Hamza baƙi ce, tana bin wasalin da ke gabanta: jam-'i, sa-na-'a.

(f) Kada a bar harafi ɗaya shi kaɗai a ƙarshen layi, don haka akwai ba ta rabuwa.

5.0 Kammalawa

Rubutun Ingilishi ya yi nesa da furucinsa, shi ya sa ya bukaci dubban samfura. Bokon Hausa yana bin furuci sau da ƙafa, ƙa'idoji shida sun ɗauke yawancin aikin. Abin da ya rage shi ne masana harshe su gwada su a kan kalmomin aro da sunaye, su miƙa wa masu tsara manhaja. Kafin nan, wanda ke buga Hausa a kwamfutar da aka daidaita bisa Faransanci ko Ingilishi gara ya kashe raba kalma na na'ura, ya bar kowace kalma ta gangara ɗungurungum.