Daga gishirin Foga zuwa cikin zarra: ina ɗan Nijar zai koyi wannan ilimi?

A kwarin Dallol Foga, inda garin Bana yake cikin gundumar Gaya, tun kaka da kakanni ake tace ƙasa a dafa ruwanta har ya zama gishiri. Da za a ɗauki ƙwaya guda ta wannan gishiri a yi ta farfasa ta, da an kai ga abin da masana ke kira zarra, iri biyu: ta sodiyom da ta kulor. Kowace zarra tana da cibiya wadda ilektoron ke kewayawa. Cikin cibiyar akwai furoton da nutoron, su kuma cikinsu akwai waɗansu ƴan mitsi-mitsi da ake ce ma kuwak. A nan ilimin ɗan Adam ya tsaya a yau.

Masu binciken waɗannan ƙwayoyi sun kasu gida biyu: masu gwaji da manyan na'urori, da masu nazari da lissafi, waɗanda alli da allo da malami nagari su ne jarinsu. A shekarar 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo maganar kuwak. A wannan shekara kuma aikin François Englert da Robert Brout da Peter Higgs ya nuna cewa akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba. Sai a 2012, bayan shekara 48, aka gano ta a cibiyar CERN ta kusa da Jeneba, cikin wata na'ura mai kewayen kilomita 27. Ke nan alƙalami ya riga na'ura, kuma alƙalami bai fi ƙarfin talaka ba.

Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne kaɗaici. Abdus Salam, ɗan Pakistan, ya koma Lahor a 1951 bayan karatunsa a Ingila, amma rashin abokan shawara da mujallun kimiyya ya sa ya sake ficewa a 1954. Don kada ƴan baya su faɗa cikin wannan hali, sai ya kafa cibiyar ICTP a birnin Tiriyeste na Italiya a 1964. Ya sami kyautar Nobel a 1979 tare da Glashow da Weinberg. Tun 1991 cibiyar take ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe matalauta, ta horar da su shekara guda kafin su shiga neman digirin dokta.

Ga ɗan Bana, ƙofa mafi kusa tana ƙetaren kogin Kwara. A 1988 masanin lissafi Jean-Pierre Ezin ya jagoranci kafa makarantar IMSP a Porto-Novo ta ƙasar Benin da taimakon ICTP, kuma daga baya ta koma garin Dangbo. Akwai kuma makarantar fizik ta Afirka, wadda Kétévi Assamagan, ɗan Togo mai bincike a Amurka, yake cikin waɗanda suka assasa ta. Ba ta da mazauni guda: ta zauna a Afirka ta Kudu a 2010, Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016, Namibiya a 2018, inda manyan malamai ke koyar da zaɓaɓɓun matasa na tsawon ƴan makonni.

Mai karatu yana iya tambaya: ƙasar da ke fama da fari, me ya haɗa ta da kuwak? Amsar tana cikin tarihin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ma'aikatar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, ya rasu a 1991, aka kuma sa ma jami'ar Yamai sunansa a 1992. Zafin ranar da ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai yana somawa ne a lokacin da furoton ya rikiɗe ya zama nutoron a tsakiyar rana, kuma ƙarfin da ke haddasa wannan rikiɗa shi ne wanda Salam da abokansa suka bayyana. Haka nan uraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971, da na'urar gasa ciwon daji da aka buɗe a Yamai a 2021, duk a kan wannan ilimi suke tsaye. Wanda ke da rijiya ba shi da guga, ai sai ya jira mai guga.

Sai dai hanyar tana da ƙaya. Da Ingilishi ake koyarwa a Tiriyeste da makarantar fizik ta Afirka, alhali ɗan Nijar da Faransanci ya ci jarrabawar bak. Rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 ya tilasta ma matafiya, har da ɗalibai, ƙetare kogi da kwalekwale. Wanda ya gama digirin dokta a waje kuwa, idan ya dawo bai tarar da abokan aiki da kuɗin bincike ba, halin da ya kori Salam daga Lahor shi zai kore shi.

A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda shi ma ya fito a 1964, Abdou Moumouni ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma ba kimiyya haƙƙinta. Jihar Doso ta sami jami'arta tun 2014. Abin da ya rage shi ne ƙwararrun malaman lissafi da fizik tun daga lise, da tallafin karatu mai zuwa a kan lokaci, da kujerar aiki ga wanda ya dawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da zai warware wani sirri na zarra yana iya kasancewa yau a Bana, yana iza wuta ƙarƙashin tukunyar gishiri. Allah ya haɗa shi da malaminsa.