Mako guda cikin ruwan sama a Nairobi, birnin da zaki ke maƙwabtaka da filin jirgi

Duk ma'aikacin tarayya da ya taɓa zuwa taro a Nairobi ya san yadda makon yake ƙarewa: daga otal zuwa zauren taro a Gigiri, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke, daga nan a koma otal, ranar ƙarshe kuma a ruga kasuwa a sayi tsaraba da ragowar kuɗin guzuri. Ni ma da wannan niyyar na sauka a filin jirgin Jomo Kenyatta cikin watan Afrilu. Ruwan sama ne ya sauya mini tsari.

Afrilu tsakiyar babbar damina ce a Kenya, wadda kan fara a Maris ta kai Mayu. Birnin kuma yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,800, saboda haka ruwan yakan zo da sanyi mai ratsa ƙashi, irin wanda ɗan Abuja ba ya tsammani a watan da ya baro gida ana zufa. Sunan garin ma daga kalmomin Masai ya fito, masu nufin ruwa mai sanyi.

Kwana biyun farko a cikin gari na yi su, lema a hannu. Na hau saman ginin KICC, wanda aka buɗe a 1973, don in hangi birnin, hazo ya hana ni ganin komai sai rufin gine-ginen da ke kusa. Na sallaci Azahar a Masallacin Jami'a da ke tsakiyar gari, sannan na shiga Eastleigh, unguwar 'yan kasuwa Somaliyawa, inda taɓo da cunkoson motocin matatu suka tuna mini da Mararaba ranar Litinin da safe. Abu ɗaya na lura da shi: kwatoci na cika suna tumbatsa, amma ledar zuba kaya ba ta yawo a kai kamar yadda muka saba, domin ƙasar ta haramta ta tun 2017.

Abin da ya cancanci dogon bayani shi ne gandun dajin Nairobi. An kafa shi a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117, kuma tazararsa da tsakiyar birni ba ta wuce kilomita bakwai ba. An kewaye shi da waya ta ɓangarori uku. Kudancinsa kawai aka bari a buɗe don dabbobi su riƙa fita zuwa filayen Kitengela su dawo.

Mun shiga da sanyin safiya ana yayyafi. Direban da ya ɗauke mu ya faɗa mana tun daga ƙofa cewa kada mu sa rai da yawa, kuma ya ba da dalili. Da damina ciyawa na samuwa ko'ina, don haka jakunan dawa da sauran masu kiwo sukan fantsama zuwa kudu, sai rani ya matso su dawo inda ruwa yake. Ciyawar da ta yi tsawo kuma takan ɓoye zaki ko da yana kwance kusa da hanya. Ga baƙar ƙasar wurin, wadda da ta sha ruwa sai ta zama laka mai riƙe taya. Sau ɗaya motarmu ta kafe, muka zauna ciki kusan minti arba'in, domin doka ta hana saukowa sai a wuraren da aka keɓe, har wata motar ta zo ta ja mu.

A wannan zaman jiran ne muka ga abin da ya biya kuɗin tafiyar. Karkanda ce da ɗanta suka fito daga cikin hazo, jikinsu duk laka, suka tsallaka hanya ba tare da sun dube mu ba. A bayansu, can nesa, ga dogayen benayen birni, ga ƙaramin jirgi yana saukowa filin Wilson. Daga baya mun ga ɓauna garke guda, da raƙuman dawa suna cizgar ganyen ƙaya, da jiminai da ruwa ya jiƙa suka koma kamar tsofaffin tsintsiyoyi. Zaki kam ba mu gan shi ba, sai sawunsa a cikin taɓo. Babu giwa a gandun. Mai son ganinta sai ya je gidan marayun giwaye na Sheldrick da ke gefensa, inda ake buɗe wa baƙi na sa'a ɗaya kafin tsakar rana.

Ba zan ce komai lafiya lau yake ba. Layin dogo na zamani ya ratsa ta saman gandun a kan doguwar gada, duk da ƙorafin masu kare muhalli. Filayen kudu da dabbobi ke bi ana ta yanka su fulotai ana katange su, kuma duk katangar da ta tashi tana rage musu hanya. A 2016 zakuna sun fita har cikin unguwannin gari. Wanda ya ga yadda wuraren shaƙatawa na Abuja ke rikiɗewa zuwa shaguna da gidaje ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. Bambancin dai shi ne, kusan shekara 80 ana matsa wa wannan fili, har yau karkanda na kiwo a cikinsa.

Kusa da babbar ƙofa akwai wurin da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989. A 2016 Uhuru Kenyatta ya ƙona tan 105 a wannan gandu. Na tsaya gaban tulin tokar, ruwa na ɗiga daga lemata, na tuna cewa a Janairun 2024 Najeriya ma ta niƙe tan biyu da rabi na hauren giwa a Abuja, mataki mai kyau ga ƙasar da masu fasa-ƙwauri suka mayar mashigar wannan haja. Sai dai giwayen Yankari da suka rage ba su da yawa, kuma a ofisoshinmu waɗanda suka taɓa zuwa ganinsu sun fi su ƙaranci.

Ga wanda taro zai kai shi Nairobi da damina: ya ɗauki rigar sanyi da takalmin da ba ya tsoron laka, ya nemi mota mai ƙarfin ƙafa huɗu, ya kuma shirya biyan kuɗin shiga ta intanet, don ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Safiya ɗaya ta isa. Da ƙarfe goma sha ɗaya na koma zauren taro, takalmina na zubar da baƙar ƙasa a kan kafet, abokin zamana daga wata ma'aikata yana tambayata ko a kasuwar na samo ta.