Ciwon daji ma ya fi ƙarfi a kan talaka

Daga Ƙofar Doka zuwa Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake da sashen kula da masu ciwon daji, ba wata tafiya ba ce. Amma mata da yawa na cikin birnin Zazzau ba sa isa can sai ciwo ya riga ya ci jiki. Kuɗin gwaji da na magani daga aljihu suke fita, don haka mai ƙaramin ƙarfi takan fara da jiƙe-jiƙe, ta yi ta jira. Wata kuma kunyar nuna ƙullutun mama ce ke tsare ta.

Bambancin yakan soma tun daga haihuwa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ta fi amfani cikin awa 24 na farko, jaririn da aka haifa a gida kuwa sau da yawa takan wuce shi. Idan ya girma yana cin gyaɗa da masara masu fumfuna, waɗanda su ne masu araha a kasuwa, gubar da ke cikinsu tana ƙara haɗarin sankarar hanta.

Sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kusan 8,000 a Najeriya a 2020, alhali ana iya kauce mata. A Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta, wato ta HPV, kyauta, ta kuma iso jihar Kaduna a 2024. Sai dai yarinyar da ke talla ba ta aji ranar da masu allura suka zo makaranta.