Yadda ake haɗa launuka masu kaifi a sutura ba tare da sun yi faɗa da juna ba

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato ko aka shiga kakar bukukuwa, akwai tambayar da masu shaguna a Kantin Kwari da sauran kasuwannin tufafi suka saba ji daga bakin masu saye: wane mayafi ne zai shiga da wannan yadin? Amsar da aka fi bayarwa ita ce a nemo komai launi ɗaya, tun daga ɗankwali har takalmi. Sai dai akwai wata hanya da ta saɓa wa wannan, wadda masu zayyana tufafi a Turai da Amurka ke kira kala-bulokin, wato jera launuka biyu ko uku masu kaifi a jikin mutum ɗaya, kowanne da filinsa, kamar yadda magini ke jera bulo.

Sharaɗinsa na farko shi ne kowane yadi ya zama marar zane, marar fure. Atamfa, duk da yawan launukanta, ba ta cikin wannan lissafi, domin launukanta a cakuɗe suke. Abin da ake nema a nan shi ne ido ya ga inda ja ya ƙare da inda shuɗi ya fara.

Akan danganta salon da Piet Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holan wanda ya rasu a 1944. Ya yi suna da zanen murabba'ai na ja da shuɗi da rawaya a kan farin fili, baƙaƙen layuka suna raba su. A shekarar 1965, Yves Saint Laurent, mai zayyana tufafi ɗan Faransa da aka haifa a birnin Oran na Aljeriya, ya fito da rigunan mata da suka kwaikwayi waɗannan zane-zane. Ba buga launukan aka yi a kan yadi ba: kowane murabba'i ƙyallen ulu ne daban da aka ɗinka da ɗan'uwansa, kuma a cikin layukan haɗin ne aka ɓoye tsukewar da ke sa riga ta zauna a jiki. Ɗaya daga cikinsu ta hau bangon mujallar Vogue ta Faransa a watan Satumba na shekarar, daga nan kuma kwafinsu masu araha suka cika shaguna. Tun kafin wannan, Sonia Delaunay ta ɗinka riga mai fallayen launuka a Faris a 1913. Stephen Burrows, baƙar fatar Amurka, ya raya salon a shekarun 1970, sannan kamfanonin Gucci da Jil Sander suka sake dawo da shi a kayansu na 2011.

Amma me ya sa wasu launukan ke ƙara wa juna haske, wasu kuma su kashe juna? Bayanin ya fito ne daga wurin rini. An naɗa Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris a 1824, ya kuma tarar da ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fita sosai. Da ya bincika sai ya gano rinin ba shi da laifi. Launin da ke maƙwabtaka da baƙin a cikin saƙar ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A littafin da ya wallafa a 1839 ya bayyana cewa idan launuka biyu suka jingina da juna, ido yakan ƙara girman bambancin da ke tsakaninsu. Shi ya sa mayafin da ya yi kyau shi kaɗai a kan kanta yakan koma wani abu daban da zarar an yafa shi a kan riga.

Masu zane suna amfani da wani da'irar launuka don sauƙaƙa zaɓi. Launukan da ke fuskantar juna a da'irar su ne suka fi tayar da juna: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Bahaushe ba baƙo ba ne ga na farkon. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga dogaran sarki cikin riguna ja da kore, kuma ko daga ƙarshen fili ake hango su ba sa ɓacewa a cikin taro. Wannan ne amfanin haɗin, kuma shi ne haɗarinsa: dogari ana so a gan shi daga nesa, ma'aikaciyar da za ta zauna taro da babban sakatare kuwa ba buƙatarta ke nan ba.

Ga mai zuwa ofis, launukan da ke maƙwabtaka a da'irar sun fi sauƙin sha'ani, kamar shuɗi mai duhu da kore, ko ruwan hanta da ruwan hoda. Suna da armashi, amma ba su da hayaniya. Haɗin launuka uku masu nisa da juna, irin ja da rawaya da shuɗi na Mondrian, ya fi dacewa da wurin biki.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rabo. Idan aka ba launuka biyu masu ƙarfi fili daidai wa daida, sai ido ya rasa inda zai tsaya. Masu ƙawata ɗakuna suna da ƙa'idar da teloli ke aro: kashi 60 ga launi babba, 30 ga na biyu, 10 ga na uku. A suturar mace, doguwar riga ko abaya ce babba, mayafi na biyu, jaka da takalmi su ɗauki ragowar. A ta namiji kuwa, kaftani da wando ne babba, sai hula da zaren aikin wuya su kawo kishiyar launin. Shadda shuɗiya da hula mai ruwan goro misali ne da ba ya ba da kunya. Ƙa'idar ba doka ba ce, amma wanda bai saba ba gara ya fara da ita. Haka nan ya kamata kaifin launukan ya zo kusa da juna, domin ja mai ƙuna kusa da kore da ya koɗe yakan sa koren ya zama kamar tsohon kaya ko da ranar aka karɓo shi daga tela. Idan haɗin ya yi zafi, baƙi ko fari ko ruwan toka a tsakani yakan sanyaya shi, aikin da baƙaƙen layukan Mondrian ke yi ke nan.

Wurin da aka sa launi ma yana da tasiri. Mai haske yana jan ido, mai duhu yana ɓoye abin da ya rufe. Layin haɗi da ya ratsa jiki a kwance yana rage tsawo a ido, wanda ya sauko a tsaye kuma yana ƙara shi.

Ga 'yan kasuwa, salon ƙofa ce ta sayar da ragowar yadi biyu ko uku da ke saura a ƙarshen bandir, waɗanda ba su isa riga su kaɗai ba. Sai dai idan za a haɗa su a riga ɗaya, dole kaurinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba mai nauyin zai ja marar nauyin, layin haɗin ya tattare. Sannan akwai matsalar zuba: jan yadi mai zuba da aka ɗinka jikin fari yakan lalata rigar a wanki na farko, kuɗin yadi da na ɗinki su tafi tare. Kafin a kai wa tela, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen yadin. Idan ya ɗauki launi, a wanke yadin shi kaɗai har ruwan ya fita fes kafin almakashi ya taɓa shi. Zaɓen launin kansa kuma a bakin ƙofar shago ake yin sa, a hasken rana, domin ƙwan lantarki yakan sa shuɗi mai duhu ya yi kama da baƙi.