Fred Sanger: Abin da yawan ambato ke faɗa a kan masani, da abin da yake ɓoyewa

A shekarar 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 na kimiyya da masu bincike suka fi ambatawa a rubuce-rubucensu. Maƙalar James Watson da Francis Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta shiga jerin ba. Ambatonta bai wuce dubu biyar da ɗoriya ba a lokacin, alhali sai maƙala ta haura dubu goma sha biyu kafin ta samu gurbi. A mataki na huɗu kuwa akwai wata maƙala ta 1977 da Frederick Sanger na Kambirij a Ingila ya rubuta tare da abokan aikinsa Steve Nicklen da Alan Coulson, wadda aka ambata sama da sau 65,000.

Ambato a nan yana nufin duk lokacin da wani mai bincike ya kafa hujja da aikin wani, ya sanya shi cikin madogaransa. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ne ya kawo shawarar a riƙa ƙirga irin wannan a 1955, kuma a 1964 kundinsa ya fara fitowa, da nufin sauƙaƙa wa masana bin sawun bincike. Daga baya ƙidayar ta koma sikelin auna mutane. A 2005 masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h: wanda ke da h 20, ma'ana yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yau kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i, har da na Najeriya, suna leƙa Scopus da Google Scholar kafin su yanke hukunci a kan malami. Rayuwar Sanger tana nuna inda wannan sikeli ke faɗin gaskiya da inda yake rufe ido.

An haifi Sanger a 1918, kuma aikinsa na farko da ya yi suna shi ne a kan insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. A wancan zamani masana ba su da tabbacin cewa kowane furotin yana da tsayayyen jeri na tubalan da suka gina shi. Sanger ya shafe kimanin shekara goma yana yayyanka insulin gunduwa-gunduwa, yana tantance kowane yanki, har ya jera tubalansa 51 ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1958. Tun kafin lambar ta zo, aikin ya fara haihuwa: a 1956 Vernon Ingram, shi ma a Kambirij, ya bi irin wannan dabara ta yayyanka furotin ya gano cewa tubali ɗaya tak ne ya bambanta sinadarin jinin mai sikila da na mai lafiya. Cutar da ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa ta zama ta farko da aka gano tushenta a wannan mataki.

Daga nan sai aka ji shi shiru. Shekaru sun shuɗe ba tare da Sanger ya fitar da wani abu mai girgiza fagen ba, kuma shi da kansa, a tarihin aikinsa da ya rubuta a 1988, ya kira wani ɓangare na lokacin shekarun fari. A 1962 ya koma sabon ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya, inda albashinsa da kuɗin aikinsa ba su rataya a kan yawan abin da ya wallafa a shekara ba. A can ya karkata ga RNA, sannan ga DNA, yana gwada dabaru yana zubarwa. Sydney Brenner, wanda suka yi aiki a wuri ɗaya kuma shi ma ya ci Nobel a 2002, ya rubuta a mujallar Science bayan rasuwar Sanger cewa mutum irinsa ba zai kai labari ba a duniyar kimiyya ta yau, domin wani kwamiti zai duba tazarar da ke tsakanin manyan maƙalunsa ya ce ba ya taɓuka komai, a yanke masa tallafi.

Abin da ya fito daga waɗannan shekaru shi ne maƙalar 1977. DNA doguwar sarƙa ce mai haruffa huɗu, A da C da G da T, kuma matsalar ita ce yadda za a karanta jerinsu. Dabarar Sanger ita ce a sa sinadarin da ke kwafar DNA ya yi aikinsa a cikin kwalba, amma a cuɗa masa wasu gurɓatattun haruffa waɗanda da zarar ɗaya ya shiga sarƙar, kwafin ya tsaya cak. Idan gurɓataccen harafin A ne, za a samu guntaye masu tsawo daban-daban, kowanne ya ƙare a inda A yake. A yi haka ga sauran haruffa uku, a tace guntayen bisa tsawonsu da wutar lantarki, sai jerin ya fito kamar matakalar tsani, a karanta shi daga ƙasa zuwa sama. A wannan shekara ɗakin bincikensa ya fitar da jerin DNA na wata ƙwayar bairos mai haruffa sama da 5,000, karo na farko da aka karanta irin wannan kusan gaba ɗaya. A 1981 suka fitar da haruffa 16,569 na DNA ɗin mitokondiriya na ɗan Adam. Nobel ta biyu ta zo a 1980, suka raba da Walter Gilbert da Paul Berg.

To, me ya sa wannan maƙala ta ninka ta Watson da Crick fiye da sau goma? Amsar tana cikin al'adar rubutun kimiyya. Duk wanda ya yi amfani da wata hanyar aiki, wajibi ne ya faɗi inda ya samo ta, don haka maƙalar da ta koyar da dabara tana tara ambato daga kowane ɗakin gwaje-gwaje da ya ɗauke ta. Babban ganowa kuwa yana shiga littattafan makaranta ya zama sanin kowa, har a daina jin buƙatar kafa masa hujja. Babu mai ambatar Watson da Crick don kawai ya ce DNA igiya biyu ce a murɗe. Maƙalu ukun da suka sha gaban ta Sanger duk na dabarun aiki da furotin ne. Ta farkonsu, wadda Oliver Lowry ya jagoranta a 1951, ta haura ambato 300,000, kuma Lowry da kansa ya taɓa rubuta cewa ya san ba wata gagarumar maƙala ba ce, ko da yake karɓuwarta tana yi masa daɗi.

A kan Sanger dai, ƙidaya da cancanta sun haɗu, domin dabararsa ce aka sarrafa a cikin injuna aka karanta DNA ɗin ɗan Adam da ita, aikin da aka kammala a 2003, kuma cibiyar da aka raɗa wa sunansa kusa da Kambirij ta yi kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin. Sai dai alƙaluman sun zo ne bayan an gama wahala. Wanda ya auna shi a 1965 ko 1972 ba zai ga alamar abin da ke tafe ba. Shi kansa ma'aunin h yana fifita mai yawan maƙalu matsakaita a kan mai 'yan kaɗan masu nauyi, tunda maƙalar da aka ambata sau 65,000 maki ɗaya kawai take ƙara masa, daidai da wadda ta tsallake da ƙyar. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da darajar mujallar da ya wallafa a ciki, a koma karanta aikin kansa.

Sanger ya yi ritaya a 1983 yana da shekara 65, ya koma kula da lambunsa, ya kuma ƙi karɓar sarautar Sir da aka yi masa tayi. Ya rasu a watan Nuwamban 2013. Har yanzu asibitoci da ɗakunan bincike suna amfani da dabararsa wajen tabbatar da sauyin da aka gani a ƙwayar gado, amma da yawa daga cikin masu rubutu yanzu sukan ce kawai sun bi hanyar Sanger, ba tare da sun sanya maƙalar 1977 cikin madogaransu ba.