Suna Ya Ɓace, Jini Ya Yaɗu: Zuriyar Louis Hébert a Ma'aunin Kimiyya

Kowane ɗan Adam yana da iyaye 2, da kakanni 4, da iyayen kakanni 8, kuma adadin yana ninka kansa a kowane hawa. Idan aka koma baya hawa 12, wato shekaru 350 zuwa 400, lissafi zai ba da kakanni 4,096. Amma a cikinsu mutum ɗaya tak ake tunawa idan ana jero nasaba, shi ne wanda aka bi ta wajen uba, da uban uba, har can sama. Sauran 4,095 ɗin, duk da cewa kowannensu yana da hannu a samuwar mutum, sun shuɗe babu mai ambatonsu.

A mafi yawan ƙasashen duniya babu hanyar gano waɗannan kakanni, domin ba a rubuta su ba. Lardin Kebek na ƙasar Kanada ya fita daban. A can ana iya bin sawun kusan dukkan jama'ar da ke da asalin Faransa, ta wajen uwa da ta wajen uba, har zuwa ga mutanen da suka sauko daga jirgin ruwa a ƙarni na 17. Iyalin farko da suka zauna dindindin a wurin su ne iyalin Louis Hébert da matarsa Marie Rollet, kuma tarihin zuriyarsu ya nuna a fili cewa hanyar da suna ke bi daban, wadda jini ke bi daban.

Daga Faris Zuwa Bakin Kogi

An haifi Louis Hébert a birnin Faris wajen shekarar 1575. Sana'arsa harhaɗa magunguna, wadda ya gada daga mahaifinsa. A 1606 ya fara ƙetare tekun Atlantika zuwa Port-Royal, wani ƙaramin sansanin Faransawa a gabashin Kanada ta yau, inda ya yi aikin jinya, ya kuma gwada shuka. A can ya zauna tare da Samuel de Champlain, wanda ya kafa garin Kebek a gefen kogin Saint-Laurent a 1608.

Kebek ta wancan lokaci ba gari ba ce sosai, zango ce ta 'yan kasuwa masu sayen fatun dabbobin dawa daga hannun 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilun Innu da Algonkin da Wendat. Abincin Turawan zangon ma daga Faransa ake kawo shi a jirgi. Champlain yana son a sami manoma masu iyali, sai ya shawo kan Hébert. Ya sayar da abin da ya mallaka a Faris, amma da ya isa tashar jiragen ruwa ta Honfleur sai ya tarar kamfanin fatu ya rage albashin da aka yi masa alkawari, ya kuma gindaya masa sharuɗɗa: zai yi wa ma'aikata magani kyauta, ba zai taɓa cinikin fatu ba, kuma amfanin gonarsa kamfani kaɗai zai sayar wa. Da yake ya riga ya rabu da gida, bai ga hanyar komawa ba. A 1617 ya sauka Kebek da matarsa da 'ya'yansu uku, Anne da Guillemette da Guillaume.

Shekara goma ya yi yana sare kurmi a kan tudun da ke bisa kogi, yana noma da hannu, domin babu garmar shanu. Ya shuka hatsi da kayan lambu da itatuwan tuffa. A 1623 aka mallaka masa filin da ya share. A watan Janairu na 1627 ya rasu, sakamakon faɗuwar da ya yi a kan ƙanƙara. Sai a shekarar da ta biyo baya, 1628, surukinsa Guillaume Couillard ya zama mutumin farko da ya ja garma da shanu a wannan ƙasa. Lokacin da Ingilishi suka ƙwace Kebek a 1629, yawancin Faransawa sun koma gida, amma Marie Rollet da 'ya'yanta suka zauna, har aka mayar wa Faransa garin a 1632.

Rassa Uku na Itace Ɗaya

Reshen farko bai daɗe ba. Anne ta auri Étienne Jonquest a 1618, kuma shi ne auren farko da aka ɗaura tsakanin Faransawa a can. Ta rasu wajen haihuwar fari, jaririn ma bai rayu ba.

Reshe na biyu shi ne na ɗa namiji tilo, Guillaume, wanda aka sa ran zai riƙe sunan gida. Ya auri Hélène Desportes a 1634, ya rasu a 1639 yana saurayi. Ɗansa Joseph ya yi aure a 1660, amma ba da jimawa ba ya faɗa hannun mayaƙan Irokwa, waɗanda ke yaƙi da Faransawa a lokacin, suka kashe shi. Ɗan da ya bari ya rasu yana ƙarami. Da rasuwar wannan tattaɓa-kunne sunan Hébert ya yanke daga tsatson Louis. Saboda haka dubban mutanen da ke amsa sunan Hébert a Kanada da Amurka sun samo shi ne daga wasu Faransawa masu irin sunan da suka zo daga baya. Sai dai jinin Guillaume bai yanke ba, domin 'yarsa Françoise ta auri Guillaume Fournier a 1651, ta haifi 'ya'ya da yawa da suka ɗauki sunan Fournier.

Reshe na uku, na Guillemette, shi ne ya fi yabanya. Ta auri Couillard a watan Agusta na 1621, suka haifi 'ya'ya 10. 'Yarta Marguerite ta auri tafinta Jean Nicolet, jikarta Claire-Françoise Bissot kuwa ta auri Louis Jolliet, wanda ya bi kogin Misisipi a 1673. A 1666 Guillemette ta sayar wa Bishop Laval gonar gado, aka gina makarantar horar da limaman coci a wurin, kuma daga wannan makaranta ce Jami'ar Laval ta fito a 1852. Guillemette ta rasu a 1684.

Masu binciken Jami'ar Montreal sun ƙidaya cewa kafin shekarar 1800 mutum 4,592 daga zuriyar Hébert da Rollet sun yi aure a Kebek, abin da ya sa su a matsayi na goma a jerin ma'auratan farko. Wanda ya zo na ɗaya shi ne wani kafinta, Zacharie Cloutier, da mutum 10,850. Kusan dukkan waɗannan 4,592 ba su amsa sunan Hébert ba, ta hanyar mata biyu suka fito, Guillemette da Françoise.

Yadda Aka San Duk Wannan

Sirrin yana cikin littattafan rajistar coci. Limaman Katolika sukan rubuta kowace baftisma da aure da jana'iza. Rajistar aure ita ce ta fi amfani, domin tana ɗauke da sunan ango da amarya da iyayen kowannensu, kuma ana rubuta mace da sunan gidan ubanta har ta mutu. Ta haka kowane aure ke kai mai bincike ga aure biyu da suka gabace shi.

Rajistar Kebek ta fara daga 1621. A 1640 gobara ta cinye cocin da littafin, sai limamai suka zagaya gidaje suna tambayar jama'a, suka sake rubuta shi daga abin da aka tuna. Daga 1679 aka riƙa yin kwafi biyu, ɗaya a coci ɗaya a kotu, don haka in ɗaya ya salwanta ɗayan yana nan. Bugu da ƙari, ƙidayar da Jean Talon ya yi a 1666 ta jero mutum 3,215 da sunayensu da shekarunsu da sana'o'insu.

Wani limami, Cyprien Tanguay, ya tattara waɗannan bayanai cikin ƙamus mai juzu'i 7 tsakanin 1871 da 1890. A 1966 Hubert Charbonneau da Jacques Légaré suka kafa shirin bincike a Jami'ar Montreal don zuba rajistocin cikin kwamfuta, sannan a 1972 Gérard Bouchard ya fara irinsa, mai suna BALSAC, a Chicoutimi. Aikin yana da wuya, domin liman kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, ga kuma al'adar laƙabi da ke sa mutum ɗaya ya fito da sunaye biyu. Dole a gwama suna da shekara da wuri da sunayen iyaye kafin a yarda cewa takardu biyu na mutum ɗaya ne.

Rajista kuma tana da nata makanta. A gidan Couillard akwai wani yaro bawa, ɗan Afirka, wanda aka kawo a zamanin mamayar Ingilishi, aka yi masa baftisma da suna Olivier Le Jeune. Shi ne baƙar fata na farko da aka rubuta a matsayin bawa a wannan yanki, ya rasu a 1654. Sunan da iyayensa suka raɗa masa bai shiga littafi ba. Haka nan 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka kafa gonakin a kan filayensu, sukan shiga rajista ne kawai idan an yi musu baftisma.

Abin da Ilimin Gado Ya Ƙara

Ilimin ƙwayoyin gado ya bayyana dalilin da ya sa suna da jini ke rabuwa. Kuromosom ɗin Y yana tafiya daga uba zuwa ɗa namiji kawai, kamar sunan gida, don haka na Louis Hébert ya tsaya a kan tattaɓa-kunnen nan. Akwai kuma DNA na mitokondiriya, wanda uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta. Na Marie Rollet ya bi ta Guillemette zuwa ga 'ya'yanta mata. Sauran ƙwayoyin gado kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ana raba su rabi daga uwa rabi daga uba, ba ruwansu da suna.

Faransawan da suka zauna a Kebek suka bar zuriya kafin 1760 ba su wuce kimanin 8,500 ba. A cikinsu akwai 'yan mata kusan 800 da Sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin tafiyarsu tsakanin 1663 da 1673 don a sami matan aure. Daga waɗannan 'yan tsiraru aka sami mutum wajen 70,000 a 1760, daga su kuma aka sami kimanin miliyan 6. Idan aka tuna cewa a hawa na 13 kowa yana da guraben kakanni 8,192, za a ga cewa dole kaka ɗaya ya cike gurabe da yawa a nasabar mutum ɗaya. Waɗanda suka riga zuwa, irin su Hébert da Cloutier, su suka fi maimaituwa.

Masana suna kiran wannan hali tasirin kakannin farko. Idan ɗaya daga cikin mutane ƙalilan da suka kafa al'umma yana ɗauke da wata ƙwayar gado da ba a saba gani ba, takan yawaita a zuriyarsu fiye da yadda take a ƙasar da suka baro. An ga haka a yankin Saguenay da tafkin Saint-Jean, wanda aka fara zama a cikinsa a 1838, yawanci da iyalai daga Charlevoix masu yawan haihuwa. A can, kusan mutum 1 cikin 20 yana ɗauke da ƙwayar cutar tirosinimiya, wadda ke lalata hantar jarirai, ba tare da shi kansa ya yi ciwo ba.

Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. Yiwuwar miji ya kasance mai ɗauke da ita 1 cikin 20 ce, ta mata ma haka, kuma in sun haɗu kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4, kamar yadda cutar sikila ke yi. Idan aka ninka 20 sau 20 sau 4 za a sami jariri 1 cikin 1,600, adadin da bai yi nisa da abin da likitoci suka gani a yankin ba.

An daɗe ana zargin mutanen wurin da cewa auren zumunci ne ya jawo musu. Da aka duba rajistoci sai aka ga auren 'yan'uwa na kusa bai fi yawa a can ba in aka kwatanta da sauran sassan lardin. Kakan da ya haɗa ma'auratan yakan kasance can a ƙarni na 17, wanda su kansu ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan binciken ya ɗauke wa jama'a abin kunya, ya kuma nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Tun 1970 ake gwada jinin jarirai a Kebek don gano tirosinimiya, a shekarun 1990 aka sami maganin nitisinon, sannan a 2018 aka buɗe gwajin kyauta na cututtukan gado 4 ga duk wanda kakanninsa suka fito daga waɗannan yankuna.

Kammalawa

A 1918 aka kafa mutum-mutumin Louis Hébert a birnin Kebek, yana ɗaga damin hatsi, Marie Rollet da Couillard suna gefensa. Da ta wajen uba kaɗai ake bin nasaba, da an ce wannan mutum ba shi da sauran zuriya tun shekarun 1660. Abin da ya ceci labarin shi ne alƙalamin limaman da suka rubuta sunan uwa kusa da na uba. Malamin da ke koyar da darasin gado zai iya sa ɗalibansa su zana nasabarsu hawa huɗu, su cike guraben kakanni 16 ta kowane ɓangare, sannan su ƙirga nawa suka cika, nawa suka rage, kuma a wane ɓangare guraben da babu suna suka fi yawa.